RABIN WA'AZI: Iyayenmu Mata, Ɗigar Fitsari Da Shirun Da Muka Yi



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya san raunin bayinSa kuma Ya sauƙaƙa musu addini. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, maganar da na ɗauko yau mai nauyi ce a baki, na kuma san akwai wanda tun daga kan take zai ce bai kamata a rubuta irinta a inda maza da mata ke karantawa ba. Amsar mai wannan ra'ayi tana tafe a ƙasa, in Allah Ya so. Abin da nake so mu fara fuskanta shi ne, a cikin gidajenmu akwai iyaye mata da gwaggwanni da kakanni, masu shekara 45, 50, 60 zuwa sama, waɗanda fitsari ke kufce musu ba da son ransu ba. Wata in ta yi tari ko atishawa sai ta ji ɗigo. Wata in fitsari ya matso ta, kafin ta ɗauki buta ta kai makewayi ya riga ya zubo. Wata takan tashi sau uku ko huɗu cikin dare. Wata kuma zafin fitsari ne ke zuwa mata yana komawa, wata biyu ba ta cika ba tare da shi ba. Cikinsu akwai wadda ta daina zuwa Islamiyya, akwai wadda ta bar tarawihi da tahajjudin da ta yi shekara talatin tana halarta, akwai mai sake alwala sau biyar kafin ta idar da raka'a huɗu, akwai mai tara salloli tana jiran lokacin da za ta ji ta tsarkaka, har rana ta faɗi lokacin bai zo ba. Mu kuma 'ya'yansu abin da muke cewa shi ne, "Hajiya ta fara tsufa, ba ta son fita." Tuhumata ga al'ummarmu guda ɗaya ce: mun ba waɗannan bayin Allah rabin wa'azi, mun riƙe rabin da ke ɗauke da sauƙinsu, sannan mun bar su a hannun 'yan kasuwa.

RABIN DA MUKA FAƊA

Da wuya a samu Musulmin ƙasar Hausa, namiji ko mace, wanda bai taɓa jin hadisin kaburbura biyu ba, wato wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wasu kaburbura biyu ya ba da labarin ana yi wa ma'abotansu azaba, ɗaya saboda annamimanci, ɗayan saboda rashin kiyaye kansa daga fitsari. Hadisi ne ingantacce, babu mai ja da shi, kuma wajibi ne a karantar da shi. To amma dubi yadda ake karantar da shin. Mai wa'azi zai ɗaga murya a lasifika, ya siffanta ƙuncin kabari, ya ce ɗigo ɗaya a tufa ya isa ya rushe sallar mutum, ya yi addu'a a shafa a watse. A bayan labule kuwa akwai dattijuwa mai shekara 55 wadda ta haifi tara, wadda ko a wannan zaman da take sauraronsa sai da ta ji ɗigo lokacin da ta yunƙura za ta gyara zama. Da me wannan baiwar Allah za ta koma gida? Za ta koma ne da yaƙinin cewa sallarta ba ta karɓuwa, kuma kabarinta ramin azaba ne. Alhali hadisin yana magana ne a kan mai sakaci, wanda yana da ikon yin tsarki ya ƙi, ko ya yi fitsari yana fallatsar masa bai damu ba. Ita kuwa mara lafiya ce mai uzuri, kuma malaman fiƙihu sun ware wa irinta babi tun fiye da shekara dubu, suka kira shi salasul bauli. Mai wa'azin da ya karanta babin azaba ya tsallake babin uzuri ya ci amanar ilimi, ko da kuwa bai yi nufin haka ba.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Kafin mu je ga hukunci, ya kamata mai karatu ya san asalin matsalar, domin rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun nan ne ake ɗora wa aljanu da kishiya laifin da ba nasu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da ɗaukewar ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba tare da ciki ko wata cuta ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci matan da suka kai wannan mataki, a Suratuɗ Ɗalaƙ wajen bayanin idda, da Suratun Nur wajen sassauci a kan tufafi. Matakin rayuwar da Allah Ya ambata a LittafinSa bai zama abin kunyar ambato a bakinmu ba.

Abin da ke kawo ɗaukewar shi ne ƙwayayen haihuwar mace suna rage fitar da wani sinadari da likitoci ke kira istirojin. Wannan sinadari aikinsa bai tsaya ga haila da ɗaukar ciki ba. Shi ne ke riƙe da kauri da laushi da danshin fatar cikin gaban mace, da ta bututun da fitsari ke bi, da ta wuyan mafitsara. Idan ya ja baya sai fatar wuraren nan ta yi siriri ta bushe, rufin bututun ya rage ƙarfi, mafitsara ta zama mai saurin harzuƙa, ruwa kaɗan ya taru sai ta matsa kamar ta cika. Haka kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah Ya ajiye a gaban mace, masu sa wurin ya kasance da ɗan tsami wanda ke korar miyagun ƙwayoyi. Su ma da raguwar sinadarin sai su ragu, ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga hanji su samu hanya. Bututun fitsarin mace kuwa gajere ne, tsawonsa kamar santimita 4, don haka tafiyar ba ta da nisa kafin su isa mafitsara. Dalilin zafin fitsarin da ke zuwa yana komawa ke nan. A shekarar 2014 wasu ƙungiyoyin likitoci biyu a Amurka suka haɗa alamomin nan na gaba da na mafitsara ƙarƙashin suna guda, domin a gane tushensu ɗaya ne. Wani abin lura kuma, zafin jiki da gumin dare da mata ke ji a farkon ɗaukewar al'ada yawanci sukan lafa bayan wasu shekaru, amma wannan na mafitsara da bushewa ba ya tafiya da kansa, sai dai ya ƙaru in ba a nemi magani ba.

Gaskiya ɗaya ce, ɗaukewar al'ada ba ita kaɗai ke da hannu ba. Akwai wasu tsokoki a ƙasan ƙugu waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa kamar yadda gammo ke tallafe da tulu, kuma kowane ciki da kowace naƙuda suna miƙar da su. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a shiyyar Arewa maso Yamma ya kai 6.6. Sai a haɗa da daka da surfe da ɗaukar ruwa da itace na shekara da shekaru, da tarin da hayaƙin murhu ke jawowa, da taurin bayan gida, da ƙiba, da ciwon suga. Jikin da ya ɗauki wannan duka domin ni da kai mu zo duniya mu girma, shi ne yau muke toshe hanci idan mun ji zarni a ɗakinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A nan dole in rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Abin da aka fi sani da yoyon fitsari a wurinmu shi ne hujewar da doguwar naƙuda ke yi tsakanin mafitsara da gaba, inda fitsari ke zuba dare da rana ba tsayawa, wanda ake yi wa aiki a cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina da Laure Madaki a Kano da Danja kusa da Maraɗi. Wanda nake magana a kansa daban ne, babu huji a ciki, rauni ne na tsoka da fata. Amma saboda ƙyamar da muka nuna wa masu wancan larura, muka kore su daga ɗakunan aurensu, sai dattijuwar da ke da wannan ta ga gara ta mutu da sirrinta da a laƙaba mata sunan. Zaluncinmu a kan waɗancan shi ya kulle bakin waɗannan.

RABIN DA MUKA ƁOYE

Yanzu ga abin da ya kamata a ce kowace Islamiyyar matan aure ta karantar tun a shekarar farko. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, abin da ke fita ba da ikon mutum ba saboda larura yana da nasa hukunci daban. Idan ɗigar tana lazimtar mace dukkan lokaci, ko mafi yawansa, ko rabinsa, to ba ta warware alwala a mashahurin zance. An dai so ta sabunta alwala ga kowace sallah idan ɗigar takan yanke, kamar yadda Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya kawo a Risala, littafin da ake karantawa a kusan kowane zaure na ƙasar nan. Idan kuwa lokacin da ɗigar ke ɗaukewa ya fi yawa, kamar mai gani sai in ta yi tari, to a mashahuri za ta sake alwala idan abin ya faru, ko da yake Malikawan Iraƙi sun tafi a kan cewa salas ba ya warware alwala ko ta wane hali. Dangane da tufafi da jiki kuma sauƙin ya fi haka faɗi, domin masu sharhin Muhtasar Khalil sun bayyana cewa abin da ke zuwa wa mutum kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, an yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufa da jiki daga gare shi, saboda wahalar kiyayewa. Haka wadda kokwanto ya aure ta, kullum tana jin kamar wani abu ya fita, an umurce ta da ta yi watsi da kokwanton ta ci gaba da sallarta.

Sauran mazhabobi ma ba su rufe ƙofa ba. Hanafawa da Hambalawa sun ce mai uzuri ta yi alwala ga kowane lokacin sallah, ta sallaci abin da ta so a cikinsa. Shafi'awa sun ce ta yi tsarki, ta yi ƙunzugu, ta yi alwala bayan shigar lokaci ga kowace farilla, abin da ya fita bayan haka ba ya cutar da ita. Hambalawa har sun halatta mata haɗa salloli biyu idan abin ya tsananta. Duk cikinsu babu wanda ya ce ta bar sallah, babu wanda ya ce ta jinkirta ta har lokaci ya fita, babu wanda ya ce ta ƙaurace wa masallaci matuƙar ta kiyaye shi daga najasa da ƙunzugu ko audugar mata.

Asalin wannan sauƙi kuwa daga gidan Annabi (SAW) ya fito. Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta zo ta gaya masa jini ba ya ɗauke mata, ta tambaya ko ta bar sallah, ya hana ta bari, ya koya mata yadda za ta yi. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa ɗaya daga cikin matan Annabi ta yi i'itikafi tare da shi tana cikin jinin ciwo, har akan ajiye tasa a ƙarƙashinta tana sallah. Imrana ɗan Husaini ya faɗa masa yana fama da basir, ya koya masa yin sallah a tsaye ko a zaune ko a kishingiɗe gwargwadon iko. An kuma ruwaito cewa Zaidu ɗan Sabit, marubucin wahayi, da ya tsufa fitsari ya riƙa kufce masa, yana neman magani iyakar iyawarsa, idan ya rinjaye shi sai ya yi alwala ya yi sallarsa. Wace ce cikin iyayenmu aka taɓa karanta wa wannan? Ba na cewa kowace mace ta yanke wa kanta hukunci daga abin da na taƙaita a nan, domin halin wata ya bambanta da na wata, kuma sai an ji bayaninta kafin a san babin da ta faɗa. Abin da nake cewa shi ne, akwai babin, kuma haƙƙinta ne a buɗe mata shi.

KASUWAR "SANYI"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da malami ya yi shiru, ɗa ya yi shiru, miji ya yi shiru, sai mai mota da lasifika ya yi magana. Shi ba ya jin kunyar kowa, a bakin kasuwa da tasha zai zayyana al'aurar iyayen mutane da kalmomin da ko a mashaya ba a faɗa, sannan ya ɗaga jarka guda ya ce tana maganin sanyi da basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa. Yanzu kuma jarkar ta koma cikin waya, ana tallarta a Facebook da TikTok da ayoyi a baki. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake zuba kowace larurar mace a ciki, ƙaiƙayi sanyi, zafin fitsari sanyi, bushewa sanyi, ciwon mara sanyi, domin idan sunan cuta ɗaya ne to magani ɗaya zai wadatar, ciniki ya yi kyau. Mafi muni su ne haɗe-haɗen da ake ba mata su cusa a gaba. Fatar da ta riga ta yi siriri ta bushe, a zuba mata gari da jiƙo da abin da mai sayarwar kansa bai san sinadarinsa ba, me ake jira in ba ƙuna da rauni da ƙarin ƙwayoyin cuta ba?

Ɗan'uwansa shi ne mai kemis da ke ƙirga wa Hajiya kafso huɗu na maganin kashe ƙwayoyin cuta gwargwadon kuɗin hannunta, ba awon fitsari, ba tambaya. Ta sha ta ji sauƙin kwana biyu, ƙwayoyin da suka tsira su ƙara taurin kai, wata mai zuwa maganin ya daina aiki. Na uku shi ne mai cewa jifa ne ko shafar aljani, ya karɓi kuɗin turare da na tunkiya, ya bar gida da gaba tsakanin kishiyoyi. Ni ban musanta ruƙya ta shari'a ba, ban musanta cewa Allah Ya sanya waraka a cikin itatuwa ba. Abin da nake musantawa shi ne mutum ya sayar da abin da bai sani ba ga wadda kunya ta hana ta tambaya, ya kira wannan sunnah. Cin dukiyar mutane ne da ƙarya, kuma dukiyar raunana.

Akwai kuma maganin da matan ke yi wa kansu, wato rage shan ruwa. Mace za ta yini cikin zafin bazara da kofi ɗaya don kada ta ji fitsari a gidan biki ko a mota. Fitsarin sai ya yi kauri ya ƙara harzuƙa mafitsara, bayan gida ya yi tauri, ƙoda ta wahala. A Ramadan da aikin Hajji wannan dabara tana iya kai mutum ga gadon asibiti.

MAGANIN DA YAKE AKWAI

Abin takaicin shi ne, mafi yawan abin da ke taimakawa ba ya cin kuɗi. A shekarar 1948 wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ya wallafa bayanin motsa tsokokin ƙasan ƙugu, kuma har yau shi ne matakin farko da likitoci ke bayarwa ga mai ɗiga lokacin tari ko atishawa. Mace za ta matse tsokar da take matsewa idan tana son riƙe iska ko fitsari, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ta saki. Ƙa'idar da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta shimfiɗa ita ce aƙalla matsewa 8, sau 3 a yini, na tsawon wata 3 ko fiye, tare da ma'aikaciyar lafiya ta tabbatar ana matse inda ya dace. Wadda ta ɗaura shi da bayan Asuba da bayan Azahar da bayan Isha'i ba za ta manta ba, tana zaune a kan dardumarta babu wanda ya san tana yi. Mai fama da matsuwar gaggawa kuma ana koya mata horar da mafitsara, ta riƙa ƙara tazara kaɗan-kaɗan tsakanin zuwa makewayi, na aƙalla mako 6. Rage shayi mai ƙarfi da kofi da lemon kwalba yana taimakawa, haka goro, domin sinadarin da ke hana barci a cikin kofi yana cikin goro, kuma yana tsokanar mafitsara. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan mata 338 masu ƙiba ya nuna waɗanda suka rage kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu cikin wata 6, yawan kufcewar fitsarinsu ya ragu da kashi 47 cikin 100.

Ga mai zafin fitsari mai dawowa, wato sau 2 cikin wata 6 ko sau 3 a shekara, akwai man istirojin mai ƙaramin ƙarfi da likita ke rubutawa a shafa a gaba. Tun 1993 likitoci biyu, Raz da Stamm, suka gwada shi a kan mata 93 da al'adarsu ta ɗauke. Waɗanda ba a ba su maganin gaske ba ciwon ya riƙa dawo musu kusan sau 6 a shekara, waɗanda aka ba kuwa lissafinsu ya tsaya a kamar sau ɗaya cikin shekara biyu. Amma a kula, wannan na shafawa daban ne da ƙwayoyin sinadarin da ake haɗiya, domin wani babban bincike a Amurka a kan mata fiye da 20,000, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2005, ya nuna na haɗiya yana iya ƙara kufcewar fitsari. Saboda haka ba abin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne, kuma wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono dole ta sanar da likita. Bayan waɗannan akwai magungunan kwantar da mafitsara, da zoben roba da likita ke sanyawa ya tallafi mahaifar da ta zazzago, da tiyata ga wadda sauran hanyoyi suka gaza mata.

Alamomi huɗu kuwa ba a kwana da su: jini a cikin fitsari, jini daga gaba bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa, zafin fitsari tare da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, da yawan fitsari tare da ƙishirwa da rama. Na farko kada a ce tsargiya ce kawai a share, na biyu kada a ce haila ce ta dawo a ajiye sallah, domin duka biyun suna iya zama farkon ciwon daji, wanda in an tare shi da wuri ake cin ƙarfinsa. Na uku alamar ciwon ya hau ƙoda ne, na huɗu kuma a auna suga.

GA MASU CEWA A YI SHIRU

Mai cewa wannan magana ta saɓa wa kunya, ina tunatar da shi cewa Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar ne da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma Ummu Sulaim ta tambayi Annabi (SAW) hukuncin mafarkin mace a gaban matarsa, ya amsa mata. Kunyar da take reshen imani ita ce mai hana saɓo. Wadda ke hana tsohuwa sanin hukuncin sallarta sunanta jahilci, ko da an naɗa mata rawani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala da sallah ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, dattawan mata da ke zaga ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata. Mu da muke tinƙaho da gadonsu, ina namu jajis ɗin a kan wannan mas'ala?

Mai cewa tsufa ne sai haƙuri, ina tambayarsa: da idon mahaifinsa ya yi yana, haƙuri ya ba shi ko asibitin ido ya kai shi? Mai cewa ƙaddara ce, gaskiya ya faɗa, magani ma ƙaddara ne, kuma Annabi (SAW) ya yi umurni da neman magani. Wannan tambaya har da ma'aikacin lafiyar da dattijuwa za ta tattara ƙarfin halinta na shekara biyar ta faɗa masa damuwarta, ya ce "Mama ai girma ne," ya kira na gaba.

Maigida kuma, wanda ya ga uwargidansa ta fara janye jiki daga shimfiɗa saboda zafi da bushewa da tsoron kada wani abu ya kufce mata, sai ya fassara shi da raini ko ƙarewar amfani, ya ji tsoron Allah. Ƙarin aure halal ne, ban hana kowa ba. Amma wanda ke da kuɗin lefe ya rasa kuɗin katin asibitin matar da ta haifa masa takwas, ya shirya amsar da zai bayar ranar da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Kwamitocin masallatai su ma su duba: masallacin da aka kashe miliyoyi a kan hasumiyarsa amma sashen mata babu makewayi ko ɗaya mai tsabta, wa aka kora daga tarawihi in ba waɗannan iyaye ba?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya 'yar'uwa, ke ce kika fi kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke kike shiga ɗakin Umma, ke kike ganin yawan zannuwan da take shanyawa da yadda ta daina shan ruwa in za a fita. Kada ki tambaye ta a gaban surukai ko jikoki. Ki bari sai kun keɓe, ki fara da cewa kin ji malamai sun yi bayanin hukuncin mai irin wannan larura, kuma likitoci sun ce tana da yawa ga matan da suka haihu, tana kuma da magani. Ki saya mata audugar da ta dace ki ajiye mata ba tare da surutu ba, ki raka ta wurin likitar mata, ki taimaka mata ta faɗi abin da bakinta ya kasa.

Ya ɗan'uwa, na san al'adarmu ba ta ba ka damar buɗe wannan zance da mahaifiyarka ba, kuma ban ce ka keta ta ba. Kana da ƙanwa, kana da mata, kana da gwaggo. Ka ba su bayanin, ka ba da kuɗin mota da na awo da na magani, ka gyara makewayin gida ya zama kusa da ɗakinta, da fitila da ruwa a ciki. Kuɗin datar da kake ƙonawa a wata kana jayayya da mutanen da ba ka taɓa gani ba a kan saki da ƙabalu ya isa awon fitsari. Idan kana da malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa, ka roƙe shi duk ranar da zai karanta hadisin kaburbura biyu ya haɗa da babin masu uzuri a zama guda. Malamai mata na Islamiyyu kuma su gayyaci ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti ta zauna da ɗalibansu dattawa, a rufe ƙofa a yi bayani, malama ta ɗauki ɓangaren hukunci, ita ta ɗauki ɓangaren jiki. Ki tuna, ya 'yar'uwa mai shekara ashirin, in Allah Ya ja kwana ke ma wannan mataki yana gabanki, kuma abin da kika shuka na fahimta a gidanku yau shi za ki tarar.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya mai amfani, Ya karɓi ibadarsu, Ya sanya larurarsu ta zama kaffara, Ya ba mu ikon kyautata musu tun suna raye, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.